Hannun da Muka Ƙera wa Ɗan Damƙar Kawu

Tun da aka buɗe shagon walda a gaban gidanmu a Bodinga kunnena bai sake hutawa ba. Da safe janareta, da rana injin yankan ƙarfe mai tsiwa, ga masu keke mai ƙafa uku suna ta hon a bakin titi. Ba ƙorafi nake yi ba, yaran sana'arsu suke yi, kuma suna gaishe ni da ladabi. Amma kwanan baya mai ya ƙare musu da hantsi, unguwa ta yi tsit, sai na ji wata ƙara da na daɗe ban ji ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauki magagari yana goga guntun ƙarfe da hannu. Ya riƙe shi da filaya, yana goga, ƙarfen yana mirginawa, shi kuma yana tsaki. Ina zaune a kan buzuna, amma zuciyata ta koma wata rumfar kara da ta daɗe da zama ƙasa, wurin mutumin da ya nuna mini yadda ake riƙe ƙarfe mai zagaye har ya kasa motsi.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. A zamanin Turawa ya yi shekaru a garejin gyaran motocin hukuma a Sakkwato. Ya fara da shara da wanke sifana, har ya kai ana ba shi aikin goge ƙarfe. Da ya gaji da zaman birni ya dawo gida ya kama noman gero da dawa kamar kowa. Abin da ya dawo da shi keke ne, da magagarai naɗe cikin tsumma mai maiƙo, da wani abu da tsohon shugabansu na gareji, wani mutumin kudu, ya ba shi ranar sallama. Mutanen gareji suna ce masa kolet. Mu a gida muka sa masa suna ɗan damƙa.

Abin uwa ce da 'ya'ya. Uwar dunƙulen ƙarfe ce mai gefe huɗu daidai wa daida, ba ta fi cikin tafi ba, da rami ya ratsa ta, mai faɗi a baki yana tsukewa a ciki. 'Ya'yan kuwa gajerun bututu ne, kowane da girman bakinsa, an tsaga kansa gida uku, gindinsa kuma da haƙora inda noti ke hawa. Sai ka zura ɗa cikin uwa, ka sa sandar ƙarfe a bakinsa, ka ɗaure noti ta baya da sifana. Noti yana jan ɗan ciki, ramin yana matse tsagar, sai ya damƙe sandar ta kowane gefe. Daga nan Kawu zai ajiye uwar cikin wani gurbi da ya sassaƙa a kututturen kirya, ya goge saman sandar har ya kwanta, ya juya uwar, ya sake gogewa. Idan ya zagaya gefen nan huɗu, kan sandar da ke zagaye ya zama mai kusurwa huɗu, kamar da ma haka aka halicce shi. Daga baya ya samu guntun ƙarfen mota ya yi wa 'ya'yan wata uwar mai gefe shida. Rani da yawa ta ci kafin ya yarda ta yi.

Ba sana'a ya mai da abin ba. Ko sau ɗaya ban ga ya kai aikinsa kasuwa ba. Mabuɗin agogon liman ya ɓata, ya yi masa wani. Ƙusar keken ɗinkin tela ta karye ana gab da salla, ya goge masa sabuwa. Dukawa sukan kawo basilla ya yi mata gindi mai kusurwa don kada ta riƙa juyawa cikin ƙota. Ranar da ba wanda ya kawo komai, sai ya ɗauki guntun ƙarfe ya yi masa kusurwa haka kawai, ya ɗaga shi ga haske ya duba, ya jefa cikin wani gwangwani. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce sauran maza in sun gama gona dara suke yi, nata mijin kuwa ƙarfe yake wa aski.

Bodinga ta wancan lokaci gari ne da kake iya sanin lokaci da kunne. Da asuba taɓare, gida yana amsa wa gida. Da hantsi kukan jigo daga fadama, da jakuna masu tafiya Sifawa da kaya. Mota kuwa sai a yi kwanaki ba a ji ta ba, in ta Bature ce ta zo wucewa yara su bar komai su fita kallo, tsofaffi su ja akuya daga hanya. Cikin wannan shirun ƙarar magagarin Kawu tana kaiwa gida na uku. Tana da tafiyarta: ta ci gaba a hankali, ta yi shiru, ta sake ci. Yakan ce magagari gaba yake ci, in za ka dawo da shi ka ɗaga, wanda ya ja shi baya a kan ƙarfe ya kashe masa haƙora. Yau yaran shagon nan suna yanke a cikin ƙiftawar ido abin da mu muke wuni a kansa, kuma na yarda nasu ya fi sauri. Sai dai ban taɓa ganin ɗayansu ya ɗaga abin da ya yanka ya duba shi don jin daɗi ba.

Ni a lokacin saurayi ne, ban daɗe da aure ba, ina da fagagen albasata a fadama. Da safe in yi ban ruwa, bayan azahar in tafi rumfar Kawu. Da farko hira nake zuwa, har ciwon gugar ƙarfen ya kama ni. Ya ba ni magagari nawa na kaina, muka riƙa zama muna fuskantar juna, shi da uwa mai gefe shida, ni da mai huɗu, garin ƙarfe yana taruwa a kan yatsun ƙafarmu. Wani lokaci sai la'asar ta yi ba wanda ya ce uffan.

Mutum ɗaya ne ke iya tayar da hayaniya a rumfar nan, Manu maƙerin Shagari. Sun yi cin rani tare da Kawu tun suna samari, kuma tun daga lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar yana kiran wani a hayin gulbi. Duk ranar kasuwar Bodinga da ya kawo fartanya da lauje sai ya biyo. Yana kiran Kawu Bakanike, Kawu yana kiransa Maƙeri.

"Bakanike, har yanzu kana nan kana yi ma ƙarhe cakulkuli? Abin da zan buga sau ukku shi miƙe, kai kana wuni kana lallashi nai."

"Naka bugun ai na hwaɗa na, Maƙeri. Kawo abin da ka buga mu aza shi ga ido, mu gani in shina da gehe biyu masu kama da juna."

Haka za su yi ta yi, wuta ko sanyi, guduma ko magagari, har Inna ta aiko da fura. Su sha a ƙwarya ɗaya, su rabu kowa yana cewa shi ya ci.

Wata shekara bayan an gama shigar da amfanin gona, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kawu. Allah ya taƙaita. Bakinsa ya miƙe, ƙafar hagu ta dawo sai ɗan ja, amma hannun hagu ya zauna kamar na aro. Yana ɗaguwa kaɗan, ba ya riƙo. Da ya samu sauƙi, abu na farko da ya nema shi ne rumfa. Na shimfiɗa masa, na jawo kututturen. Nan muka gane abin da ba mu taɓa lura da shi ba: ɗaure notin nan aikin hannu biyu ne masu ƙarfi. Hagu ke danne uwar cikin gurbi, babban yatsa yana tsare sandar inda ake so, dama tana jan sifana. Ya ja da dama kaɗai, uwar ta yi tsalle ta fito. Ya mayar, ya danne da gwiwa, sandar ta zame ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa.

Na ce, "Kawu, bari in ɗaure maka."

Bai dube ni ba. Ya ce, "In ka ɗaure min yau, gobe hwa? Kana wurin albasarka, ni in zamna nan in jira ka kamar jinjiri?"

Ya tattara uwaye da 'ya'ya da hannu ɗaya, ya naɗe su cikin tsumma, ya ce Inna ta kai su ɗaki. Daga ranar ya koma zaure. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi, in an gaishe shi ya amsa ya juya fuska ga bango. Tuwo yana komawa ciki kusan yadda ya fito. Mutumin da ciwo bai kayar ba, sai ga shi yana ramewa bayan ciwon ya tafi. Wata rana na shiga gaida Inna ta ce mini, "Da can ƙarar nika ƙorahi, yanzu shirun ga ya hana ni sukuni. Ka yi wani abu, kai ka san harshen ƙarahunan nan."

Ban san abin da zan yi ba. Ina ta juya maganar har wata safiya ina ban ruwa. Jigo dai kowa ya san shi: doguwar sanda a kan gwafa, guga a dogon ɓangaren, curin laka a gajeren. Na tsaya da igiya a hannu ina kallon yadda nake jan dogon ɓangaren da yatsu kawai, curin da ba zan iya ɗauka da hannu biyu ba yana tashi. Sai na ce a raina, ai notin nan ba juyawa ake buƙata ya yi ba, ja da baya ake so ya yi, kuma ɗan kaɗan. Idan aka samu ƙarfe mai dogon hannu da zai shiga tsakanin uwa da noti ya ture notin, ƙafa ma ta isa ta taka shi. Na bar wa ƙanena sauran fagagen, na je wurin Inna. Ta shiga ɗaki ta fito da tsumman a ƙarƙashin mayafi, ta miƙo mini ba tare da ta tambayi komai ba. Na hau keken Kawu na kama hanyar Shagari.

Na iske Manu a maƙera yana buga lauje. Da na gaya masa halin da ake ciki ya ajiye guduma.

"Bakanike ya aje aiki? To ni wa zan riƙa yi ma dariya?"

Na fara yi masa bayanin jigo, ya katse ni. Shi a ganinsa abu mai sauƙi ne: a buga ƙarfe mai tsini kamar ruwan gatari, a kafa shi tsakanin uwa da noti, a doka da guduma. Na ce, "Baba, 'ya'yan nan ba su san guduma ba. In ɗaya ya tsage babu inda za mu samu irinsa." Ya yi gunaguni, amma ya yanko tsohon bututun keke ya yi ɗan damƙa na gwaji da shi. Muka kafa tsininsa, ya doka, ya damƙe sosai. Manu ya dube ni da ido ɗaya. Sai aka zo kwancewa. Ya doke shi ta gefe, ƙarfen ya yi fiffike ya tsallake maƙera, ya faɗa tsundum cikin ƙwaryar furar da aka aiko mana daga cikin gida. Manu ya sa awartaki ya tsamo shi, ya duba, ya lashe yatsa.

"To, mai albasa, sake hwaɗa min zancen jigon ga."

Na zana masa a ƙasa da tsinke. Shi ya ƙara abin da ban hango ba. Ya ce a yi ƙarfen da baki biyu kamar gwafa, ya hau gindin ɗan damƙa ta nan da ta nan, kowane baki da doro. In hannun yana tsaye, siririn wurin ne tsakanin uwa da noti. In aka taka shi ya kwanta ta baya, doron ya shiga ya ture notin. Ni kuma na ce hannun ya zama bututu mai zarewa, don in an damƙe a cire shi, uwar ta juyu cikin gurbinta. Na zauna ga zugazugi, shi ga guduma, muka wuni. Sai da na kwana a Shagari.

Da safe muka gwada da ainihin ɗan damƙar Kawu. Na sa sanda, na taka hannun, na ji ɗan ya kama. Daɗi ya cika ni. Ina ɗaga ƙafa hannun ya taso ya same ni a ƙauri, har na ga taurari da rana tsaka. Manu ya yi dariya har da tari. Ya mayar da gwafar wuta ya rage doron, sai ta daina kamawa. Ya ƙara, ta koma harbi. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Bodinga da Shagari, ƙaurina duk tabo, mutanen ƙauyukan hanya har sun san ni suna tambaya ko aure nake nema a can. A zuwa na ƙarshe Manu ya juya gwafar a hannu, ya yi ajiyar zuciya.

"Wuta ta yi nata. Abin da ya rage aikin sanyi na, kuma mai shi na can Bodinga kwance." Ya nuna ni da awartaki. "In ka hwaɗa mai na ce haka, ni da kai."

Na ce Kawu ko kallon tsumman ba ya so ya yi. Ya ce in bar masa wannan, in dai share rumfa ranar kasuwa.

Ranar ya iso da jakinsa da hantsi. Ya leƙa zaure ya gaida Kawu a gajarce, bai yi masa ba'a ko ɗaya ba, ya fito. Rumfar tana jikin zauren, katangar laka ce kawai tsakani. Ya zauna, ya warware tsumma, ya zaɓi magagarin da Kawu ya fi so, wani siriri mai laushin haƙora. Ya danne gwafar da ƙafa ya shiga ja gaba da baya kamar mai yankan itace da zarto. Ban taɓa jin ƙara mai muni irin wannan ba, har haƙorana suka mutu.

Na ce a hankali, "Baba, za ka kashe magagarin."

Ya amsa da muryar nan tasa da ake ji a ƙofar gari, "Magagari ai ƙarhe na. Ƙarhe ba shi jin ciwo." Sai ya kashe mini ido ya ci gaba.

Muka ji tari daga zaure. Manu ya ƙara ƙarfi. Muka ji tabarma ta motsa, sannan ƙarar sanda a ƙasa, da jan ƙafa. Kawu ya tsaya a bakin rumfa, rigarsa ta yi masa yawa, idonsa ya yi ja.

"Wa ya ba Maƙeri magagarina?"

"Na ga mai shi ya bar shi ga tsatsa, na ce bari in taimaka."

"Aje shi."

Manu ya ajiye. Kawu ya buɗe baki zai ƙara magana, sai idonsa ya faɗa kan gwafar. Ya nuna ta da sanda. Ya ce, "Mi na wanga?" Na haɗa masa komai a kan kututture, na yi bayani, na taka, na kauce kafin hannun ya harbe ni. Ya ce in sake. Na sake. Ya jingina sandarsa ya zauna, ba wanda ya ce masa zauna. Ya karɓi gwafar ya bi doron da babban yatsa.

"Doron ya yi tsini. Ba shi da wurin zama. In ya hau tudu, dole shi iske hili kaɗan bayan tudun, shi zamna nan. Kuma na dama ya hi na hagu tsawo. Wane makaho ya buga wanga?"

Manu ya ce, "Makahon da ya zo ma da shi har gida."

Kawu ya aike ni wurin Inna in karɓo baƙin gindin tukunya. Ya shafa a doron, ya ce in taka, ya zare ya duba inda baƙin ya goge. Nan ne wurin ci. Manu ya riƙe masa gwafar da awartaki a kan kututture, Kawu ya ɗauki magagari da hannun dama. Ya ci gaba sau biyu ko uku ya tsaya, a shafa baƙi, a taka, a duba. Manu ya manta da kasuwa, wani yaronsa ne ya tsare masa fartanyu. Da aka kawo tuwo Kawu ya cinye nasa yana magana, bai ma san ya ci ba. Aikin bai ƙare ranar ba, don abin da ake cirewa bai fi kaurin fatar albasa ba, kuma in aka zarce ba ya dawowa. Manu ya kwana a zauren, washegari suka ɗora daga inda suka tsaya, gardama da gugar duka.

Wajen la'asar Kawu ya ce mu matsa. Ya zauna a kan 'yar kujera, ya juya notin da yatsu har ya taɓa gwafa, ya sa sanda a bakin ɗan, ya riƙe ta da hannun dama yana danne uwar da gindin tafinsa. Ya ɗora ƙafar dama a kan bututun ya taka. Hannun ya sauka a hankali, ya yi nauyi, sannan ya ba da wata 'yar ƙara, ƙwas, ya kwanta. Ya ɗaga ƙafa. Ni na ja ƙaurina baya don sabo, amma ba abin da ya motsa.

"Maƙeri, ja sandar ga."

Manu ya kama da awartaki ya ja. Ya kafa ƙafa ya sake ja, har uwar ta fito daga gurbi ta biyo shi, sandar tana nan inda aka sa ta. Kawu ya mayar da uwar, ya zare bututun ya ajiye. Ya ɗauki hannun hagu da na dama ya aza wuyansa a kan tsinin magagari, nauyinsa kawai ya isa. Ya fara. Ta ci gaba, ta yi shiru, ta sake ci. Ya juya uwar da hannu ɗaya. Ban san lokacin da Inna ta zo ta tsaya a bayan zana ba, ƙafafunta kawai na gani. Da ya gama gefe na huɗu ya mayar da bututun ya ɗaga, ɗan ya saki, ya miƙa wa Manu sandar.

Manu ya ɗaga ta ga haske, ya daɗe yana juyawa.

"Gehe ɗaya ya ɗan karkace."

"Na gani tun kahin ka gani."

Suka dubi juna, sai Kawu ya fara dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki, har sai da ya share ido da hannun riga.

Ya sake shekaru yana aiki a rumfar nan. Ni ma na bar sifana na koma taka hannun, don ya fi sauri, ko da yake in aiki mai nauyi ne da za a goge da ƙarfi Kawu yakan ce noti ya fi aminci, in ɗaure da hannuwana tunda Allah ya bar mini su. An ce mini yanzu ana sayar da irin wannan hannun a cikin akwati, tare da uwaye da 'ya'ya a jere, mai so ya saya ya kai gida. Na yi murna da jin haka. Amma a lokacinmu in abu ya gagara, sai ka hau keke ka je ka zauna gaban wani mutum, ka sha furarsa, ka jure bakinsa, kuma abin da kuka yi tare ba ya kama da na kowa.

Ana gab da damina, lokacin da maƙera ba su da hutu, Kawu ya ce in kai shi Shagari. Na ce a nemo jaki, ya ce keke nasa ne, a kansa zai je. Na ɗaura masa matashi a baya ya hau. Inda yashi ya yi yawa in sauka in tura, shi yana zaune yana gaya mini ban iya tuƙi ba. Ya riƙo wani abu a aljihu: mahuji ne na huda ƙarfe, mai gindi gefe shida, ya goge shi har yana ɗaukar ido. Muka iske Manu cikin garemani, mutane na jira. Kawu ya miƙa masa mahujin. Na san godiya ta kawo shi, na kuma san ba za ta fito daga bakinsa ba. Ya ce wai ya ga na Manu ya tsufa ne, kada ya riƙa ba maƙera kunya. Manu ya duba shi gefe da gefe, bai samu aibu ba, ya sa a aljihu. Sai ya ce wa yaron da ke zuga ya tashi ya je ya sha ruwa.

"Bakanike, tunda ka zaka, zamna ka zuga min."

Kawu ya dubi mutane, ya dubi wutar. Ya tattara riga ya zauna bayan zugazugi, ya kama fatar zugazugin ta dama ya fara.

Manu ya ce, "Zugazugin biyu na."

"Hannun ga ba shi da ƙarhi, ka sani."

"Ban ce shi ɗauki guduma ba. Aza shi."

Kawu ya ɗauki hannun hagu ya aza a kan ɗayar fatar, ya cusa yatsun cikin maɗauri. Dama ta danna, iska ta fita da ƙarfi. Hagu ta danna, ta fita kaɗan. Dama, hagu. Wutar tana tashi tana faɗuwa.

Manu ya ce, "Tana ɗingishi, amma tana ci." Ya tura garma cikin gawayi.

An daɗe kafin ƙarfen ya yi ja, amma ya yi. Manu ya zaro shi ya aza a kan uwar maƙera ya shiga bugu, tartsatsi yana tashi. Gumi yana zuba daga gemun Kawu. Na matsa na ce ya tashi in karɓe shi. Ya girgiza kai. Bai ɗauke hannun daga kan fatar nan ba sai da aka gama garmar.